Tarihin Jesse Owens, yaron da ya koyi gudu kafin a kaɗa ƙararrawar makaranta

Da wuya a yi hirar gasar Olamfik a tashi ba a ambaci Jesse Owens ba. Shi ne baƙar fatar Amurka da ya ci lambobin zinare huɗu a birnin Berlin na Jamus a watan Agustan 1936, a gaban Hitila da muƙarrabansa masu aƙidar cewa jininsu ya fi na kowa. Wannan ɓangaren labarin ne ya fi yaɗuwa, amma kwana takwas ne kacal cikin shekara 66 da ya yi a duniya. Kafin waɗannan kwanaki akwai kusan shekara tara na atisaye, wanda wani malamin makaranta ya fara da shi da sassafe. Bayansu kuma akwai shekara 43 da ya yi yana neman abin kai wa bakin salati da sunan da ya yi, wani lokaci cikin mutunci, wani lokaci cikin wulaƙanci.

Daga gonar auduga zuwa Cleveland

An haifi James Cleveland Owens ranar 12 ga Satumban 1913 a ƙauyen Oakville da ke jihar Alabama, a kudancin Amurka. Shi ne auta cikin ƴaƴa goma na Henry Owens da matarsa Emma. Kakanninsa bayi ne. Mahaifinsa ba shi da gonar kansa, yana noma gonar wani Bature ne, in kaka ta yi a raba amfanin, a kuma cire bashin iri da na abincin da ya ci daga rabonsa. Irin wannan noma ba ya barin mutum ya tara komai, don haka kowane yaro a gidan sai ya shiga gona. Owens ya tsinci auduga tun yana ƙarami, duk da cewa shi ne mai yawan laulayi a gidan. Ciwon ƙirji da sanyin haƙarƙari sun sha kwantar da shi.

Yana da kimanin shekara tara iyalin suka tattara suka koma Cleveland a jihar Ohio. Ba su kaɗai ba ne. A shekarun nan baƙaƙen fata da yawan gaske sun bar gonakin kudu, inda dokokin wariya suka yi musu katutu, suka nufi biranen arewa masu masana'antu. Mahaifinsa da yayyensa maza suka samu aiki a masana'antar ƙarfe.

A makarantar da aka sa shi ne sunansa ya sauya. A gida ana kiransa da haruffan farko na sunayensa biyu, wato J da C. Da malama ta tambaye shi sunansa ya faɗa da karin harshen mutanen kudu, sai ta ji kamar Jesse ya ce, ta rubuta haka a rajista. Yaron bai gyara mata ba, sunan kuma ya bi shi har kabari.

Malam Riley da atisayen safe

Wajen 1927 ya shiga ƙaramar sakandaren Fairmount, inda wani Bature mai suna Charles Riley yake koyar da motsa jiki yana kuma horar da ƴan gudu. Riley ya ga yaro siriri mai saurin ƙafa a filin wasa, ya neme shi ya shiga ƙungiyar makaranta. Matsalar ita ce ƙungiyar tana atisaye ne bayan an tashi, Owens kuwa da an tashi yake wucewa wurin aiki. Ya yi aikin kai wa mutane cefane gida, ya yi lodin kaya a taragon jirgin ƙasa, ya yi aiki a shagon gyaran takalma. Gidansu na buƙatar ɗan abin da yake kawowa.

Maimakon ya haƙura da yaron, sai Riley ya sauya nasa lokacin. Kullum da safe sukan haɗu kafin a shiga aji, su yi atisayen da bai kai awa guda ba. Sau da yawa malamin kan zo masa da abin karin kumallo, ran Lahadi kuma ya kai shi gidansa cin abinci tare da iyalinsa, abin da ba a saba gani ba tsakanin fari da baƙi a wancan zamani. Owens ya riƙa kiransa Baba har ƙarshen rayuwarsa.

Abin da Riley ya fi mayar da hankali a kai shi ne yadda ake gudun, kafin a zo maganar sauri. Ya koya masa ya riƙa taka ƙasa kamar mai taka garwashi, ƙafa na sauka tana tashi. Ya koya masa tsayar da kai wuri guda da sakin kafaɗu. Ya taɓa ɗaukarsa zuwa filin sukuwa don ya kalli dawaki, ya ga yadda doki ke gudu da dukkan ƙarfinsa ba tare da ya ɓata fuska ko ya waiwayi na gefensa ba. Ya kuma riƙa nanata masa cewa atisayen yau na shekara huɗu masu zuwa ne, kada ya ɗauka don gasar ƙarshen mako ake yi. Duk wanda ya kalli hotunan Berlin zai ga wannan tarbiyya: sauran ƴan gudun sun ciji haƙora, jijiyoyin wuya a miƙe, shi kuwa fuskarsa a sake.

A 1928 Charley Paddock, wanda ya ci zinaren mita 100 a Olamfik na 1920, ya ziyarci makarantar, Riley kuma ya haɗa shi da ɗalibin nasa. A makarantar ce kuma ya haɗu da Ruth Solomon, wadda ya aura a watan Yulin 1935, suka haifi ƴaƴa mata uku.

Dalilin da tsarin ya yi aiki

Tilas ce ta sa atisayen Owens ya zama gajere kuma da safe, amma abin ya dace da yadda jikin ɗan gudun gajeren zango yake aiki. Ƙarfin da tsoka ke amfani da shi wajen gudu na ƙarshen iyawa ɗan tanadi ne da ke cikinta, wanda ke raguwa sosai cikin sakan goma, kuma yana buƙatar mintuna kafin ya dawo. Yaron da aka sa ya yi ta maimaita mita 100 ba hutu, daga karo na biyu ko na uku ya daina koyon sauri, ya koma koyon gudu cikin gajiya, salonsa kuma ya lalace. Shi ya sa masu horarwa ke son a yi aikin sauri lokacin da jiki yake sabo, a taƙaita zangon zuwa mita 20 zuwa 60, a bar kimanin minti guda na hutu ga kowace mita goma da aka yi da cikakken gudu.

Haka ma a tsarin mako. Abin da akasarin masu horar da yara ke bi a yau shi ne ranakun aiki mai nauyi biyu ko uku, ba a jera su, domin jijiyoyi da tsokar bayan cinya na buƙatar kusan kwana biyu su warware. Misali, Litinin a yi koyon tashi da gudun mita 20 zuwa 30. Talata a yi aiki mai sauƙi, gyaran ɗaga gwiwa da kaɗa hannu da miƙe jiki. Laraba a yi cikakken gudu na mita 40 zuwa 60, karo kaɗan. Alhamis hutu ko wasa. Juma'a tsalle-tsalle da koyon miƙa sanda, ba tare da gajiyarwa ba. Asabar gasa, in babu gasa a yi gudun mita 120 zuwa 150 karo biyu ko uku. Lahadi hutu. Ga yaran da ba su kai shekara 14 ba akan rage ranakun, a kuma bar su su gwada fannoni da dama.

Wannan jadawali na zamanin nan ne, amma ginshiƙansa suna cikin abin da Riley ya yi: aiki kaɗan a kai a kai, gyaran salo tun da wuri, haɗa gudu da tsalle, da haƙurin jiran shekaru. Owens ya yi dogon tsalle da tsallen sama tun a ƙaramar sakandare, inda a 1928 ya haye sandar da ke mita 1.83.

Da ya wuce babbar sakandaren East Technical, Riley ya ci gaba da taimakawa wajen horar da shi. Makarantar ba ta da hanyar gudu tata, sai ya riƙa zuwa filin makarantar James Ford Rhodes a wani sashen birnin. A 1932 ya gwada neman gurbi a tawagar Olamfik ta Amurka bai samu ba. Shekara guda bayan haka, a gasar makarantun sakandare ta ƙasa a Shikago, ya yi yadi 100 cikin sakan 9.4, daidai da bajintar duniya ta lokacin, ya kuma yi dogon tsalle na mita 7.56. Yadi 100 daidai yake da mita 91.44.

Jami'a, da yammacin Ann Arbor

A 1933 ya shiga Jami'ar Jihar Ohio da ke Columbus. Bai samu tallafin karatu ba. An dai sama masa aikin tuƙa lif ɗin kaya a ginin gwamnatin jiha, da shi yake biyan kuɗin makaranta. Ba a yarda baƙaƙen fata maza su kwana a ɗakunan jami'a ba, don haka a cikin gari ya zauna tare da ƴan uwansa ɗalibai baƙaƙe. In ƙungiya ta yi tafiya, sau da yawa abokansa farare na cin abinci a ciki, shi a miƙo masa nasa ya ci a mota, otal ma daban.

Mai horar da shi a jami'a, Larry Snyder, bai rushe abin da Riley ya gina ba. Ya gyara masa tashi, wanda shi ne rauninsa, ya gyara kaɗa hannu, ya kuma koya masa ci gaba da motsa ƙafafu a sama lokacin dogon tsalle, kamar mai gudu a iska.

Ranar 25 ga Mayun 1935 aka yi gasar manyan jami'o'in yankin a filin Ferry da ke Ann Arbor, jihar Michigan. Kwanaki kaɗan kafin nan Owens ya faɗo daga matakalar bene ya bugu a baya, har Snyder ya yi tunanin cire shi. Suka shirya a gwada fanni ɗaya a gani. Cikin kimanin minti 45 ya yi yadi 100 a sakan 9.4, ya sake daidaita bajintar duniya. Ya yi dogon tsalle sau ɗaya tak, ya sauka a mita 8.13, sabuwar bajinta. Ya yi yadi 220 a sakan 20.3, sannan yadi 220 na tsallake shinge a sakan 22.6, duka biyun sababbin bajintar duniya. Riley yana cikin ƴan kallo, kuma a tsohuwar motarsa ya mayar da ɗalibin nasa Cleveland a daren.

Tsallen nan na mita 8.13 ya yi shekara 25 ba a wuce shi ba, sai a 1960 Ralph Boston ya karya shi. Ko a Olamfik na Landan na 2012, wanda ya ci tagulla a dogon tsalle mita 8.12 ya yi.

Sai dai bayan Ann Arbor kowane mai shirya gasa ya so a ga Owens a filinsa. Ya yi ta yawo har Kalifoniya yana shiga fannoni uku ko huɗu a kowace gasa. Ranar 4 ga Yuli, a gasar ƙasa da aka yi a Lincoln ta jihar Nebraska, Eulace Peacock na Jami'ar Temple ya doke shi a mita 100 da dogon tsalle, ya kuma sake doke shi a wasu gasannin da suka biyo baya. Karatunsa ma ya taɓu, har aka hana shi shiga gasa da sunan jami'a a farkon 1936 saboda faɗuwa jarrabawa. Wannan dakatarwa ta rage masa yawan gasa a lokacin da jikinsa ke buƙatar hakan. Ya dawo da ƙarfinsa, ranar 20 ga Yuni ya yi mita 100 a sakan 10.2 a Shikago, bajintar da ta tsaya har 1956. Peacock kuwa tsokar bayan cinyarsa ta yage a shekarar, bai je Berlin ba.

Kwana takwas a Berlin

An yi muhawara mai zafi a Amurka kan ko a ƙaurace wa gasar, saboda abin da gwamnatin Nazi ke yi wa Yahudawa. Shugaban kwamitin Olamfik na Amurka, Avery Brundage, ya dage a je, ra'ayinsa kuma ya rinjaya da ƙyar. Tawagar ta tashi daga Niyok a jirgin ruwa a tsakiyar Yuli.

A lokacin babu hanyar roba irin ta yau. A kan burbushin gawayin kwal da aka daddaɓe ake gudu, ruwan sama kuma na sa ta yi laushi. Babu matakin tashi na ƙarfe. Kowane ɗan gudu kan zo da ɗan cokalin magina ya haƙa ramuka biyu inda zai kafa yatsun ƙafarsa. Sai a 1948 aka fara amfani da matakan tashi a Olamfik.

Owens ya fara ranar Lahadi 2 ga Agusta da zagaye biyu na mita 100. Litinin ya yi na kusa da ƙarshe, sannan ya ci na ƙarshe a sakan 10.3, ɗan ƙasarsa Ralph Metcalfe ya zo na biyu. Talata ce ranar da ta fi nauyi: zagaye biyu na mita 200, da neman gurbi a dogon tsalle, da kuma zagayen ƙarshe na tsallen. A neman gurbin saura ƙiris a fitar da shi, domin gwajinsa biyu na farko ba a ƙidaya su ba, a na uku ya haye mita 7.15 da ake buƙata. Da yamma Bajamushe Luz Long ya kamo shi a mita 7.87, filin ya ɗauki sowa. Owens ya amsa da 7.94, ya rufe da 8.06. Long ne ya fara zuwa ya taya shi murna, suka zagaya tare hannu cikin hannu a gaban dubban ƴan kallo. Long ya mutu a fagen yaƙi a tsibirin Sisili a 1943.

Laraba 5 ga wata ya ci mita 200 a sakan 20.7. Ya ɗauka ya gama, domin ba ya cikin huɗun da aka ware don gudun miƙa sanda. Da safiyar ranar da za a fara, masu horarwa suka cire Marty Glickman da Sam Stoller, Yahudawa biyu kaɗai a tawagar guje-gujen Amurka, suka sa Owens da Metcalfe. Hujjar da suka bayar ita ce ana buƙatar mafi sauri. Glickman ya rayu yana mai imanin cewa an cire su ne don kada a kunyata masu masauki. Ranar 9 ga Agusta Owens ya fara, Metcalfe da Foy Draper da Frank Wykoff suka biyo, suka gama a sakan 39.8, bajintar da ta yi shekara 20. A jimlace ya yi tsere goma ban da tsalle, bai sha kaye a ko ɗaya ba. Sai a 1984 Carl Lewis ya ci zinare a waɗannan fannoni huɗu a Olamfik guda.

Labarin da ake yawan bayarwa cewa Hitila ya ƙi gaisawa da Owens shi kaɗai yana buƙatar gyara. A ranar farko Hitila ya karɓi wasu Jamusawa da ƴan Finlan da suka yi nasara, ya bar filin kafin a gama tsallen sama da baƙar fata Cornelius Johnson ya ci. Shugaban kwamitin Olamfik na duniya ya shaida masa ko ya gaisa da kowa ko ya bari gaba ɗaya, shi kuma ya daina gaisawa da kowa a bainar jama'a. Washegari ne Owens ya ci zinarensa na farko. Abin da ya fi yi wa Owens ciwo, kamar yadda ya sha faɗa, shi ne shugaban ƙasarsa Franklin Roosevelt bai aiko masa da saƙon taya murna ba, bai kuma gayyace shi fadarsa ba.

Bayan zinare

Ko rufe gasar ba a yi ba hukumar wasannin Amurka ta tura shi da wasu abokansa yawon gasanni a Turai don ta tara kuɗin da aka kashe wajen tafiya. Daga Cologne zuwa Prague, daga Bochum zuwa Landan, kusan kullum a hanya, ba a biyansa ko sisi. Ya rame, gudunsa ya ja baya. Da aka ce a wuce Siwidin, sai ya ƙi, ya hau jirgin ruwa ya koma gida inda ake ta yi masa tayin kwangiloli. Hukumar ta dakatar da shi. Yana da shekara 22, kuma daga nan bai sake shiga babbar gasa ba.

A Niyok an yi masa jerin gwano a titi, amma a daren liyafar da aka shirya don karrama shi a otal ɗin Waldorf Astoria ta lif ɗin kaya aka hau da shi. Yawancin alƙawuran kuɗin da aka yi masa sun zama iska. Da ɗan abin da ya samu a watannin farko ya saya wa iyayensa gida, ya saya wa Malam Riley mota. Ya yi wa ɗan takarar adawa Alf Landon yaƙin neman zaɓe, Roosevelt ya kayar da shi warwas. Ranar 26 ga Disamban 1936, a birnin Havana na Kuba, ya yi tsere da doki a gaban ƴan kallo, aka ba shi ratar yadi 40, ya ci. Ya ci gaba da irin wannan tsere shekaru da dama a filayen wasa na ƙananan garuruwa. Daga baya ya bayyana dabarar: akan harba bindigar tashi kusa da kunnen dokin, kafin mahayi ya shawo kansa mutum ya yi nisa. Mutane da yawa sun ga zubar da girma ne, shi kuwa hujjarsa ita ce yana da iyali, lambar zinare kuma ba ta shiga tukunya.

Ya buɗe shagon wanki da guga, ya karye a 1939 da bashi a kansa. Ya koma jami'a, bai kammala digiri ba. Lokacin yaƙin duniya na biyu ya yi aiki a sashen ma'aikata na kamfanin Ford a Detroit.

Komawa ga yara

Al'amuransa sun fara daidaita bayan ya koma Shikago a 1949. Ya zama mai jawabi da kamfanoni da makarantu ke gayyata, ya yi aikin rediyo, ya kuma yi aiki da ƙungiyar yara maza ta unguwar baƙaƙen fata da hukumar matasa ta jihar Illinois, inda ya riƙa shirya wa yaran unguwanni gasannin gudu. A 1950 wata ƙuri'a da kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya gudanar ta zaɓe shi gwarzon guje-guje na rabin farko na ƙarnin. A 1955 gwamnatin Amurka ta tura shi Indiya da Malaya da Filifin, ya koyar da ɗaliban makarantu gudu. A shekarun 1960 aka fara gasar yara mai ɗauke da sunansa, wadda kamfanin mai na Atlantic Richfield ya ɗauki nauyi. Ya zo Afirka ta Yamma a farkon shekarun 1970, a Abijan kuma aka sa sunansa a titin da ofishin jakadancin Amurka yake a lokacin.

Cikin yaran da ya yi wa tasiri akwai Harrison Dillard, wanda yana ɗan shekara 13 ya tsaya bakin titi a Cleveland ya ga an wuce da Owens a buɗaɗɗiyar mota a 1936. Dillard ya shiga makarantar East Technical, Owens ya ba shi takalman gudu, a 1948 kuma ya ci zinaren mita 100 a Landan da sakan 10.3, lokacin da Owens ya yi a Berlin.

Rayuwarsa ba ta rasa tabo ba. A 1966 kotu ta ci shi tara saboda ya yi shekaru bai cika takardun haraji ba. A Olamfik na Meksiko na 1968, da Tommie Smith da John Carlos suka ɗaga dunƙulen hannu a kan dandamalin karɓar lambobi don nuna adawa da wariyar launin fata, kwamitin Olamfik na Amurka ya tura Owens ya lallashi ƴan wasa baƙaƙe. Matasan sun ɗauke shi ɗan aiken masu mulki, suka juya masa baya, abin kuma ya girgiza shi. A 1970 ya fitar da littafi mai suna Blackthink yana sukar masu zafin ra'ayi, yana cewa ƙoƙarin mutum ya isa ya fitar da shi. Bayan shekara biyu ya fitar da wani, I Have Changed, inda ya janye da yawa daga cikin maganganunsa, ya amince cewa masu fafutukar suna da gaskiya a kan girman zaluncin.

Ƙarshen rayuwarsa

A 1972 jami'ar da ta hana shi ɗakin kwana ta ba shi digirin girmamawa. A 1976, shekara 40 bayan Berlin, Shugaba Gerald Ford ya ba shi lambar yabo mafi girma da ake bai wa farar hula a Amurka. Ya daɗe yana shan taba, kusan kwali guda a rana har shekara 35. A ƙarshen 1979 aka gano yana da sankarar huhu. Yana kwance ma ya nuna rashin amincewarsa da shirin Shugaba Jimmy Carter na ƙaurace wa Olamfik na Mosko. Ya mutu ranar 31 ga Maris 1980 a Tucson ta jihar Arizona, aka binne shi a maƙabartar Oak Woods a Shikago. A 1984 birnin Berlin ya sa sunansa a wani titi kusa da filin da ya yi gudun.

A gasar 1936 duk wanda ya ci zinare an ba shi ɗan dashen itacen oak a cikin tukunya. Owens ya dawo gida da nasa, aka dasa ɗaya a harabar makarantar James Ford Rhodes, kusa da hanyar gudun da ya riƙa arowa lokacin da makarantarsa ba ta da tata. A jawaban da ya yi ta gabatarwa a gaban ɗalibai har tsufansa, in ya zo lissafin waɗanda suka kai shi inda ya kai, yakan fara ne da Charles Riley, malamin motsa jikin da ya riƙa fitowa da sassafe saboda yaro ɗaya da ba shi da lokacin yamma.